Mishmishin Gindin Katanga

Ranar Asabar da ta wuce na je unguwar Safa a nan Jidda dasa lemon tsami a harabar wani gidan bene. Samarin gidan, jikokin wata Hajiya da muka yi maƙwabtaka a unguwar Hindawiyya, suka sauko suna kallona, kowa da wayarsa a hannu. Hausa suna jin ta sarai, amma in za su mayar maka da amsa sai ta fito sanye da jallabiya. Babbansu ya ce, "Ammu, wallahi shugul ɗinka sahal ne. Rami, ruwa, halas." Wato da Larabcinsu, baffa, aikinka mai sauƙi ne, rami da ruwa shi ke nan. Ban yi musu ba, na miƙa masa diga. Ya ɗan sassara ƙasa, ya ci karo da ɓaraguzan siminti da magina suka binne, nan take ya tuna yana da alƙawari da wani. To, wannan rubutu dominsa ne da ire-irensa, in sun samu mai karanta musu.

Ni ban taso a cikin sana'ar nan ba. Alli na fara riƙewa, ina koyar da 'yan firamare a ƙasar Katsina, har da darasin aikin gona, inda nake zana wa yara saiwa da ganye a allo alhali ko zogale ban taɓa dasawa ba. Da na zo Jidda aka yaba takardar malantata ƙwarai, aka kuma ba ni shawara in ajiye ta inda gara ba za ta ci ba. Wanda ya ɗauke ni aiki shi ne Ammu Sale, Bahaushen Sudan, gajeren dattijo mai faɗin tafin hannu, wanda ya tsufa yana kula da lambunan gidajen masu hali. Da ya ji na yi koyarwa sai ya laƙaba mini Ustazu, sunan ya bi ni har yau.

Aikin farko da ya ba ni shi ne wankin ƙasa. Na ɗauka tsokana ce irin wadda ake yi wa sabon shiga, ashe da gaske yake. Ƙasar Jidda gishiri ce ta ara sunan ƙasa. Sai ka haƙa rami, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka kankare farin ɓawon da ya taso a baki, ka sake cikawa. Bayan nan a kawo jar ƙasa daga kwari, a gauraya ta da takin tumaki wanda ya riga ya huce, don ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Kayan aikinmu ba su da yawa: diga, shebur, baro mai kuka, mesar ruwa, sai almakashin datse rassa da Ammu ke sakawa a aljihun gaba. Almakashin nan ba ya ba da aronsa ko ga limami. Kullum bayan la'asar zai wasa shi a kan dutse, ya shafa masa mai, ya gwada kaifinsa a gashin hannu.

Masu gida kuwa kala-kala ne. Akwai wadda ta je Ɗa'if ta ga fure a kan duwatsu, ta dawo tana son irinsa a tsakar gidanta da ke bakin teku. Akwai wanda yake son ciyawa irin ta filin ƙwallo da yake gani a talabijin, amma ya hana a buɗe famfo. Akwai mai ba shuka ruwa sau bila adadin saboda ƙauna har ta ruɓe, sannan ya kira mu ya ce mun sayar masa da marar lafiya. Duk Ammu yana iya zama da su, domin karatunsa guda ne kuma bai taɓa ba shi kunya ba: a garin nan rana ce abokiyar gaba. Yakan ce dashe jariri ne, ba a shanya jariri a rana. Saboda haka duk inda muka shiga, kafin ya dubi ƙasa sai ya dubi katanga, ya ga inda inuwa take kwana. Nan zai dasa. In babu katanga ya yi wa dashen rumfa da ganyen dabino ko tsohon buhu. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kusa kashe mu, shi ne kuma ya cece mu.

Kafilin Ammu, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, wani ɗan kasuwa ne mai ofis a unguwar Bagdadiyya, Abu Faisal. A ƙarƙashinsa iƙamar Ammu take, wato takardar izinin zama, kuma a kan iƙamar Ammu matarsa da 'ya'yansa mata suke zaune a Hindawiyya, 'yan matan suna makaranta. Kun san yadda abin yake: in kafili ya ce ya gaji, mai furfura ba ya samun wani cikin sauƙi, kuma ba shi kaɗai zai haɗa kaya ba. Wata shekara Abu Faisal ya sayi wani gidan gona a bayan garin Tabuka, can arewa. Yana saurayi ya taɓa cin mishmish a kan bishiya a ƙasar Sham, ɗanɗanon ya ƙi barin bakinsa, yana so ya ci nasa na kansa kafin haƙora su ƙare. Mishmish, ga wanda bai sani ba, ɗan itace ne ruwan ɗorawa, girmansa kamar ƙwan kaza ƙarami, da ƙwallo guda a ciki. Abu Faisal ya kira Ammu ya ce lambun nan a hannunsa yake, ya je ya fitar da shi kunya. Ammu bai taɓa ganin bishiyar ba ko a hoto, amma ba a ce wa kafili ban iya ba. Ya ce insha Allahu, ya ce da ni yalla, mu tafi.

Abin da na sani game da Tabuka shi ne abin da ke cikin littattafan sira: runduna ta fita cikin tsananin zafi, ga ƙishirwa, ga nisa. Don haka na tafi da riga shara-shara da silifa. Masu sira ba su yi ƙarya ba, watan da suka je ne ba namu ba. Mun sauka tsakiyar ɗari. Safiyar farko na je ɗaukar mesa in yi ban ruwa, na ɗaga ta sai ta taso a miƙe kamar gora, ruwan ciki ya daskare. Alwala ta zama jarrabawa, wanka kuwa muka mayar da shi sha'anin Juma'a.

Dashen ya iso a bayan mota, a ɗaure dami-dami, babu ganye ko ɗaya, babu ƙasa a saiwa. Ammu ya zagaya shi, ya ce an cuci mai gida, an aiko masa da itacen girki. Yana shirin buga waya sai muka ji dariya ta saman katanga. Abu Hasan ne, mutumin Sham, mai kula da lambun maƙwabta, dogo mai gashin baki kamar tsintsiya. Ya zagayo, ya ɗauki sanda guda, ya kankare ɓawonta da farce, sai ga kore shar a ciki. Ya ce ba mutuwa suka yi ba, barci suke, kuma a cikin barcin ake dasa su don kada su san an taɓa su. A wajenmu itacen da ya zubar da ganye duka sai a fara yi masa ta'aziyya. A can kuwa wanda bai yi barcin sanyi ba, ba ya haihuwa.

Abu Hasan ne ya koya mana dashen, kyauta, don kawai yana son mai saurare. A jiƙa saiwa a ruwa, a datse wadda ta karye. A tara ɗan tsibin ƙasa a tsakiyar rami, a ɗora dashen a kai, a baza saiwoyin kamar yatsun hannu. Gaɓar da aka yi wa itacen aure a bar ta a sama da ƙasa, in ta nutse an yi aikin banza. A take ƙasa da dunduniya, a ba da ruwa, a shafe gindin da farar ƙasa. Sannan a sare kan dashen daidai ƙugu. Nan Ammu ya riƙe almakashinsa ya ce shi bai zo yanka ba. Sai da ya leƙa lambun maƙwabta ya ga manyan itatuwan da aka yi wa haka suna ƙanana, sannan ya yarda, yana yi yana istigfari.

Duk Ammu ya karɓa sai abu ɗaya. Abu Hasan ya ce a dasa su a fili, tsakiyar lambu, inda rana za ta same su tun fitowarta. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka, kuma Ammu ya nema: yawancin dashen a fili muka sa shi. Amma hannunsa ya kasa ƙarasawa. Ya ware layi guda ya kai shi gindin katangar kudu, doguwar katanga ta bulo, ya dasa a cikin inuwarta. Abu Hasan ya riƙe ciki don dariya. Ya ce a nan lokacin sanyi rana ta kudu take raɓewa, ƙasa-ƙasa, ba ta leƙa bayan katangar nan sai ɗari ya wuce, wato Ammu ya sa 'ya'yan mutane a firji.

Ammu ya ce, da irin kiran mutanen Sudan, "Ya zol, tun kana tsumma nake dasa itace. Bari waɗancan su sha rana tunda kai ka ce. Waɗannan nawa ne."

Lokacin da Larabawa ke kira rabi'i ba mu da irinsa a gida, don haka ba zan sa masa sunan bazara in yi wa bazara ƙazafi ba. Ƙarshen sanyi ne, kafin zafi. Nan ne duk aikin shekara yake taruwa a wuri ɗaya. Kafin toho ya buɗe sai an yi wa kowane itace aski, a cire rassan tsakiya a bar shi a buɗe kamar ƙwarya don haske ya shiga. A kwance buhunan da aka naɗe gindi da su. A buɗe bututun ɗigon ruwa ɗaya bayan ɗaya, a zura ƙaya a cire gishirin da ya toshe su. A juya taki. Albasa da waken ful sun riga sun shiga ƙasa tun da sanyi, amma tumatir da kabewa Abu Hasan ya hana mu taɓa su sai inabi ya fitar da ganye, ya ce inabi tsoho ne, ba a yaudararsa da rana ta kwana biyu. Sannan wata safiya ka fito ka tarar sandunan nan da ka yi wa kallon itacen girki sun yi fari fat da fure, tun ganye bai fito ba. Na karanta kwatancen Aljanna da yawa, amma ranar ne na daina ɗaukarsu a matsayin adon magana.

Na gindin katanga kuwa barcinsu suke. Kowace shekara sai na fili sun yi fure sun zubar, sannan su farka suna miƙa. Sun fi sauran ƙanƙanta. Abu Hasan ya sa musu suna ma'aikatan gwamnati, in ya leƙo da safe sai ya tambaya ko sun shigo ofis. Ammu dai ya fi ba su taki a ɓoye.

Mishmish ba ya haihuwa da wuri, kuma Abu Faisal ba ya haƙuri da wuri. Shekarun farko ba a sa ran komai. Shekarar da aka fara sa rai, itatuwan suka yi fure suka zubar da yawancin 'ya'yan tun suna kamar gujiya, kamar yadda ƙananan itatuwa kan yi. Wadda ta biyo baya ita ce mugunyar shekara, kuma da fara'a ta shigo. Sanyi ya sake tun lokacinsa bai yi ba, muka cire rigunan ɗari, itatuwan fili suka ruɗu suka fashe da fure irin wanda ba mu taɓa gani ba. A cikin wannan ne Abu Faisal ya zo da baƙinsa daga Jidda. Ya zagaya, baƙi suna ɗaukar hoto, shi kuwa fuska ba yabo ba fallasa. Ya ce fure ya gani bara ma, shi ba ƙudan zuma ba ne. In bana bai ci mishmish daga lambun nan ba, halas, zai ba wasu aikin, kuma iƙamar da za ta ƙare bayan kaka ba zai sabunta ba. Da zai shiga mota ya hango layin gindin katanga, sanduna tsirara a bayan duk wannan ado, ya ce waɗancan matattun a tumɓuke su, suna ɓata masa hoto.

Ammu ya ce insha Allahu. Ku da kuka tashi a garin nan kun san insha Allahu iri-iri ce, akwai ta yau, akwai ta gobe, akwai wadda sai a Lahira. Washegari ƙotar diga ta karye. Ban ce shi ya karya ta ba, na dai ga ya jingina ta daidai inda motar ruwa take juyawa. Samun sabuwar ƙota ya ɗauki lokaci, domin duk wadda na kawo sai ya ce ba ta zauna a hannu ba. Da aka samu, bayansa ya riƙe. Da bayan ya saki, Juma'a ta zo.

Ana cikin haka wata la'asar iska ta tsaya cak, sama ta yi tas babu ko ɗigon gajimare. Abu Hasan ya leƙo ba tare da dariya ba, abin da ba mu saba gani ba. Ya ce sanyin tsohuwa ne zai dawo, haka mutanen can ke kiran sanyin da ke waiwayowa bayan kowa ya ajiye bargo. Ya sa muka jiƙa ƙasa sosai, muka tara ciyawa mai laima da busasshen taki tsibi-tsibi a tsakanin layuka, muka kunna kafin asuba don hayaƙi ya rufe itatuwan. Mun yi duk abin da ake yi. Da gari ya waye raɓa ta daskare a kan komai kamar an barbaɗa gishiri, amma furannin suna nan farare, har na fara hamdala. Abu Hasan ya tsinko ɗaya, ya tsaga shi da farce, ya nuna mana cikinsa. 'Yar ƙwayar da za ta zama mishmish ta yi baƙi. Ya tsinko wani, haka. Muka bi layi-layi har ƙarshen lambu, muka shiga nasa, duk labarin ɗaya ne. Kafin azahar an ji cewa duk yankin haka aka kwana.

Ammu ya buga wa kafili waya ya faɗa masa gaskiya. Aka ce ya ci gaba da ban ruwa har kaka, sannan ya zo ofis da takardunsa. Ya ajiye waya, ya zauna, ya wasa almakashinsa, ko da yake ba lokacin wasawa ba ne.

Ba wanda ya tuna da ma'aikatan gwamnati. Sanyin ya zo ya same su toho a rufe gam, bai ga abin ci ba ya wuce. Bayan 'yan makonni ina jan mesa ta wajen katanga sai na ji ƙugi kamar na injin nesa. Na ɗaga kai. Layin nan ya yi fari, kuma duk ƙudan zuman Tabuka sun hallara a kansa, tunda babu wani fure a garin sai shi. Na kira Ammu. Ya zo ya tsaya, hannu a baya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in je in kira masa maƙwabci, yana son ya sanar da shi an buɗe ofis.

Abu Hasan mutumin kirki ne, ya yi murna har da rungumar Ammu. Daga baya ma ya tuna cewa a ƙauyensu kakansa a gangaren da ba ya kallon rana yake dasa mishmish, don kada ya yi saurin fure. Irin wannan ilimi yakan dawo wa mutum ne bayan an gama bukatarsa.

Kada ku ɗauka daga nan sai ci. Da 'ya'yan suka ƙulla sai Abu Hasan ya ce a rage su, a tsinke na tsakani a bar tazarar yatsu, in ba haka ba duk su fito ƙanana ko reshe ya karye. Ammu yana kallon kowane ɗa kamar shafin iƙama, a ce ya tsinke ya yar. Wannan karon bai yi gardama ba, ya dai ce ni in tsinke, shi zai riƙe tsani. Da suka fara nuna, tsuntsayen yankin suka gano abin da ƙudan zuma suka riga su sani. Muka rufa raga, suka shiga ta ƙasa. Ƙarshenta ni aka ajiye a gindin katanga da gwangwani da sanda ina kaɗawa daga hantsi zuwa magariba, kuma in faɗi gaskiya, aikin bai bambanta da riƙe aji ba sosai. Tsinka kuwa da sanyin safiya ake yi, a murɗa a hankali, kada a matsa, don mishmish ba ya mantuwa, inda yatsa ya danna nan zai ruɓe. Muka shimfiɗa takarda a kwali, muka jera su ba tare da wani ya hau wani ba. Ammu ya hana kowa ɗanɗanawa, har shi kansa. Ya ce amana ce sai mai ita ya fara.

A motar haya muka taho Jidda, tafiyar yini da ɗoriya, kwalin a kan cinyarsa. Ko da aka tsaya salla, ni na fara yi, na dawo na karɓa, sannan ya je. Muka shiga ofishin Bagdadiyya da takardu a aljihu ɗaya, kamar yadda aka umarta, ya ɗora kwalin a kan tebur ya buɗe.

Abu Faisal ya riga ya ji cewa bana babu mishmish a duk yankin, don haka ya fara da tambayar a wace kasuwa muka saya. Na nuna masa hoto a waya, ga itatuwan, ga katangarsa. Ya ɗauki ɗaya ya raba biyu, ya ci, ya rufe ido. Ya ci wani. Sannan ya sake duban hoton.

Ya ce, "Ya Sale, ba waɗannan ne na ce a tumɓuke ba?"

"Su ne, ranka ya daɗe. Ƙotar diga ce ta karye."

"Wata nawa ana gyaran ƙota?" Bai jira amsa ba. "To, faɗa mini. Ka san haka za ta faru, shi ya sa ka dasa su a can?"

Ga ƙofa a buɗe, in Ammu ya ce e, ya zama masanin da babu irinsa daga nan har Sham. Ni da na koya wa yara karatun gaskiya dokin ƙarfe, ina tsaye a bayansa ina addu'ar ya yi ƙarya.

Ya ce, "Wallahi ban sani ba, ranka ya daɗe. Ni daga rana na ɓoye su. Ashe sanyi ne ke nemansu, ya zo ya tarar suna barci."

Abu Faisal ya yi dariya har sai da ya share ido. Ya ƙwala wa mai bin takardun ofis kira, ya miƙa masa fasfon Ammu, ya ce a sabunta, da na iyali duka. Ya ce kuma in sanyi ya shigo a ƙara wani layin a gindin katangar, a kuma saya wa lambu diga ta ƙarfe zalla. Da za mu fita ya ɗebi 'yan kaɗan daga kwalin ya zuba wa Ammu a hannu.

Muka sauko titi, zafin Jidda ya rungume mu kamar ɗan'uwan da aka daɗe ba a gani ba. Ammu ya tsaya a inuwar wani shago, ya yi bisimilla, ya gatsa ɗaya. Ya tauna a hankali, ya dubi ragowar, ya sake taunawa.

"Ya zol, wannan ne? Saboda wannan muka sha duk sanyin nan?" Ya tofar da ƙwallon a tafin hannu. "Wallahi goruba ta fi shi auki."

Sauran ya zuba a aljihu, ya ce na 'yan mata ne, muka tari motar Hindawiyya.